Sunan da Yaya Ta Raɗa Masa

Litinin, 6 ga wata, da hantsi

A ɗakin kwalliya nake rubutun nan, don nan kaɗai mutum zai zauna shiru ba a tambaye shi tunanin me yake yi ba. Yau furodusa ta kira ni ofishinta. Na ɗauka a kan labaran jiya ne, da mai karatun ya yi ta zuba kamar ana korarsa har hannuna ya kasa cim masa. Ashe ba shi ba ne. Wai ranar Asabar, 25 ga wata, za a yi shirin waƙa kai-tsaye, mawaƙiya za ta zo da makaɗanta, kuma ana so kurame ma su samu rabonsu. Ni zan fassara waƙar da maganar hannu.

Shekara da shekaru ina tsaye a 'yar kusurwar allon nan, ƙasa ta dama, ina fassara farashin taki da tarurrukan manya. Ban taɓa yin waƙa ba. Na amsa mata da murnata. Sai da na fito na tuna ƙarshen watan nan ne maigidan ya ce in ajiye aiki.

Ba da faɗa ya ce ba. Shi ba ya faɗa. Ya ce gajiya tana yi mini yawa, kuma bai rasa abin da zai ciyar da ni ba. Gaskiyarsa ce, bai rasa ba.

Talata, 7 ga wata, bayan labaran rana

An ba ni takardar waƙar. Ga baitin farko da amshi, na kwafe don in riƙa dubawa:

Ka ce don so ka rufe mini taga,
Na koyi shan iska da ƙyar a ɗakina.
Ka ce waje akwai ƙaya, ki zauna,
Ashe ƙayar tana kwance a gefena.

Takalmina a hannuna,
Ban tashe ka ba, ban yi sallama ba.
Ƙofar da ka ce ta fi ƙarfina,
Da yatsa guda ta buɗe a gabana.

Sau ɗaya na karanta, na tashi na je na wanke fuska. Zafi ake yi a ɗakin shirin nan, fitilun sun yi yawa.

Kafin in dawo Dogo mai kyamara ya ɗauki takardar yana karantawa da ƙarfi, har da rangaji. Ya ce, "Kai, matar nan ta ga duniya. Amma ni abin da ban gane ba, ƙofar da yatsa guda ke buɗewa, me ya zaunar da ita tun farko?" Kowa ya yi dariya, ni ma na taya su. Dogo ba shi da laifi. Tsawo Allah Ya ba shi, bai haɗa masa da komai ba.

Laraba, 8 ga wata, da safe

Yayata nake tunani tun da na tashi.

Kurma ce tun haihuwa. A wurinta na iya maganar hannu kafin in iya ta baki, Inna takan ce har a barci yatsuna ba sa hutawa. Rabona da ganinta ido da ido an kusa shekara. Ranar ta zo gidana muna falo, tana ba ni labarin wata mai kawo mata ɗinki da ke rantsuwa ita ba ta ƙara ƙiba ba, tef ɗin awo ne ya tsufa. Muna ta dariya ya shigo. Ya tambayi abin dariyar, na gaya masa, ya ce to. Bayan ta tafi ya ce gulmar hannu ta fi ta baki muni, don ba ta da shaida, kuma daga yau ba a yi masa ita a gida. To in an hana Yaya hannu, da me za ta yi zumunci? Ba a jima ba wayata ta soma "ba da matsala", ya sayo mini ƙarama marar kyamara. Saƙon da ya shigo kuwa shi ke fara karantawa.

Saura talabijin. Kullum da rana Yaya tana kunna ta shagonta ta gan ni. Ta taɓa gaya mini ita ba labaran take bi ba, wuyana take dubawa ta ga ko na rame. In na ajiye aikin nan, shi ke nan, ba ta da inda za ta ƙara ganina. Ni ma ba ni da inda zan ƙara fita.

Wani abu ya ba ni dariya ɗazu a mota, na haɗiye. Kurame ba sa kiran mutum da sunansa na baki. Sai sun dube ka sun more, sannan su raɗa maka na hannu. Nawa yatsa ne a kan haƙori, saboda wushiryata. Shi kuwa tun zuwansa na farko gidanmu Yaya ta ga yana juya makullin mota a yatsa, ta ɗaga manuniya ta juya a iska, suna ya bi shi. Har yau yana juya makullin. Bai san yana da suna ba, bai taɓa tambaya ba.

Alhamis, 9 ga wata, kafin labarai

Na gaya masa maganar waƙar jiya a hanyar komawa gida. Na zaɓi lokacin da muka wuce cunkoso, don cunkoso yana ɓata masa rai. Ya ce, "Sa mana mu ji." Ya nemo waƙar a wayarsa. Mun iso ƙofar gida ba ta ƙare ba, ya bar motar a kunne sai da ta kai ƙarshe.

Ya ce, "Kin ga abin da ke lalata mata ke nan. Mutum ya rufe taga saboda sauro, a ce kurkuku ya yi. A waƙar nan kaf, kin ji inda ya dake ta?"

Na ce ban ji ba.

"Kin ji inda ya hana ta abinci ko sutura?"

Na ce ban ji ba.

"To butulci ne kawai aka sa wa kiɗa." Sai ya yi murmushi ya dafa kaina. "Yi musu, ai na ban kwana ne."

Har ayaba ya tsaya ya saya mini. Ba mugu ba ne.

Juma'a, 10 ga wata, da la'asar

Ya canza kwaɗon ƙofar gida, wai ɓarayi sun yi yawa a unguwa. Makulli ɗaya ya zo da shi. Ya ce za a yanko nawa.

Litinin, 13 ga wata, bayan azahar

Yau muka fara gwaji da Malam. Tsohon malamin makarantar kurame ne, shi ma kurma, shi ya koyar da Yaya, kuma shi gidan talabijin ke kira ya duba aikina in abu ya yi nauyi. Ba ya yabo. In ya sosa gemu ya kau da kai, to ka yi ƙoƙari ke nan.

Ya ce waƙa ba labarai ba ce. A labarai hannu ke aiki, a waƙa kuwa duk jiki ne, kuma ba zan iya nuna abin da ban san yadda ya faru a ɗakin ba. Ya zaunar da mu, ina fassara tsakaninsa da sauran. Tambayarsa ta farko: me ya sa ta riƙe takalmi a hannu?

Furodusa ta ce don ta ji daɗin gudu. Dogo ya ce tsinkewa suka yi, mijin marowaci ne. Ban san lokacin da na sa baki ba. Na ce ba don gudu ba ne, takalmi yana ƙara a kan tayil. Na ce kuma ba a haɗa su a hannu ɗaya, suna bugun juna, sai dai a matse su a hammata don a samu hannun kama mariƙin ƙofa. Ƙofar ma sai an ɗan ɗaga ta sama kafin a ja, in ba haka ba kuka take yi.

Furodusa ta ce, "Ke kam kin yi nazarin waƙar nan." Na ce a fim na gani.

Ruwa kawai nake fita sha da dare. Ba na son in tashe shi, barcinsa ba nauyi.

Talata, 14 ga wata, bayan azahar

Malam ya yi ta tsayar da ni a amshi har na fara jin haushinsa. Da na kai wurin tura ƙofa sai ya buga tebur. In sake, ya buga. Can ya taso ya tsaya a gabana ya ce, "Wa ke tsaye a can?" Ya nuna damata, ɗan sama da kafaɗa.

Na ce ba kowa.

Ya ce, "Duk sanda za ki tura ƙofar sai kin fara kallon can, kamar mai jiran a ce mata to. Kin san a maganarmu inda ido ya je, mutum ne a wurin. Matar waƙar nan ba ta nemi izini ba. Hannunki yana fita, idonki yana roƙo."

Na ce fitilar can ce ke haska mini ido. Bai yi gardama ba. Ya sa Dogo ya janye fitilar zuwa hagu, ya koma ya zauna, ya ce in sake. Na sake. Na kalli dama.

An ce labarin zuciya a tambayi fuska. Duk wanda ya fara faɗin haka, ina jin da kurame ya zauna.

Laraba, 15 ga wata, da hantsi

Inna ta kira jiya da yamma, a wayarsa, ya sa a lasifika ya ajiye tsakaninmu. Ta yi ta sa masa albarka. Ta ce, "Ke dai ki gode wa Allah. Mijin da zai kai ki ya ɗauko ki kullum, yanzu ma ya ce ki huta, ina ake samun irinsa? Yayarki sai damuna take wai kin rame a talabijin. Na ce mata kyamara ce."

Na ce kyamara ce, Inna.

Yana gefena yana ɓare mini lemo, yana cire zaren nan fari ɗaya bayan ɗaya, don ya san ba na so.

Alhamis, 16 ga wata, da safe

Ban je aiki ba.

Juma'a, 17 ga wata, da rana

Yau ma.

Asabar, 18 ga wata, da hantsi

Ya fita shago, ya ja ƙofa, na ji ƙarar kwaɗon. Littafin nan cikin takardun labarai yake kwana, su kaɗai ne ba ya bincikawa, wai suna sa shi hamma.

Ranar Laraba da yamma ina kicin, tukunya na kan wuta, na ce bari in gwada amshin ko idona zai daina zuwa dama. Gilashin taga nake kallo don in ga kaina. Ban ji shigowarsa ba. Ya tambaye ni da wa nake magana. Na ce gwaji nake. Ya leƙa, ya ga tagar maƙwabta a buɗe. Ba kowa a cikinta, labule ne kawai iska ke kaɗawa.

Wuyan hannuna na dama ya bugu da ƙofar firij. Haka za a ce.

Shi da kansa ya sayo man zafi ya shafa mini, idonsa jawur. Ya ce ni ce nake sa shi zama abin da ba shi ba ne. Ya ce ba wanda zai so ni kamarsa, kuma na yarda, ina jin ba za a samu ba. Ba mugu ba ne. Na taɓa rubuta haka? Ina jin na rubuta.

Gidan yana da kyau. Na share, na goge, na sake gogewa. Firij yana ta gurnaninsa. Mai sayar da ruwa ya wuce, 'yan makaranta sun wuce, wata mata tana yi wa ɗanta faɗa a kan takalmin da ya yar. Na tsaya jikin ƙarfen taga ina sauraro har suka sha kwana. Na ji kishin matar nan, Allah Ya gani, ita da take da bakin yin faɗa a titi.

Litinin, 20 ga wata, bayan labaran rana

Ya kawo ni, amma yau bai tsaya a mota ba. Ya shiga ofishin furodusa da kansa, da sallamarsa da ladabinsa, ya ce na yi fama da zazzaɓi, kuma ya ga ba sai an kai ƙarshen wata ba, gara in tsaya daga yau. Furodusa ta kusa durƙusa masa. Ta ce an riga an yi sanarwa, ba su da wata tafinta, ya taimaka ya bar ni zuwa Asabar. Ya yi ta juya makulli. Ya ce saboda girmanta ya yarda, amma zai shigo ɗakin shirin ranar, don ya kula da jikina.

Da ya fita ta ce, "Kai, kin yi dace da miji. Nawa ko sunan shirina bai sani ba."

Ina tsaye jikin kabad duk aka yi wannan. Ni da nake isar wa mutane maganarsu, aka gama tawa a gabana ba wanda ya waiwayo.

Laraba, 22 ga wata, bayan azahar

Gwajin ƙarshe. Malam ya ce saura mutumin waƙar. Ya ce in ajiye shi a wuri ɗaya a iska, duk sanda aka ambace shi in nuna wurin da yatsa kawai. "Kada ki ba shi fuska, kada ki ba shi suna. Bar shi haka, kowace mai kallo ta sa nata."

Na sa riga mai dogon hannu, amma hannun dama ba ya kaiwa inda ya saba, kuma Malam ba a yi masa wayo da hannu. Da sauran suka fita shan shayi ya ce in naɗe hannun rigar. Na ce firij ne. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Firijinku yana da yatsu?"

Na roƙe shi kada ya gaya wa Yaya. Na san halinta, ba ta iya fushi kaɗan ba. Ya ce maganata ce, ba tasa ba, ba zai kai saƙon da ba a ba shi ba. Ya ce amma shi tsoho ne, kada in sa ya daɗe yana riƙon abin da ya fi ƙarfinsa.

Juma'a, 24 ga wata, da rana

Labaraina na ƙarshe. An gama hasashen yanayi, akwai ɗan tsaikon nan kafin a ɗauke hoto, ina tsaye hannuwana a haɗe. Motsi biyu kawai: Yaya, zo. Ba wanda zai gane a gidan talabijin nan kaf. Shi ma yana kallo a wayarsa a mota, ba zai gane ba.

Ban yi ba. Tafinta ba ya ƙara nasa. Kurma ba shi da hanyar da zai bincika ko abin da na ba shi shi aka faɗa, amana ce zalla, in na cusa tawa yau, gobe da me zai yarda da wanda zai tsaya a nan?

Ko kuma tsoro ne na ɗinka masa rigar amana. Ban sani ba.

Asabar, 25 ga wata, da azahar

Shi ya zaɓa mini rigar da zan sa. Ba na jin yunwa.

Asabar ɗin dai, kafin magariba, a banɗakin mata

Sauri nake yi, rubutun zai yi muni.

Mawaƙiyar 'yar ƙarama ce, ba za ka ce muryar nan daga jikinta take fita ba. An tsayar da ni a gefenta, ba a kusurwa ba, allon rabi nata rabi nawa. Shi kuma aka ba shi kujera ya ƙi zama. Ya tsaya bayan Dogo, ta dama.

Baitin farko ya tafi lafiya. Na rufe tagar, na ja numfashi kaɗan-kaɗan, na nuna wurin da na ajiye mutumin kamar yadda Malam ya ce. Amshi ma ya tafi. Idona bai je ko'ina ba. Sai aka zo baitin ƙarshe, inda take cewa ka riƙe mini sunana da wayata, ka ce ajiya kake yi mini. Kiɗan ya sauka, ɗakin ya yi shiru, sai na ji ƙarar makullin nan, cakal, cakal, a bayan kyamara.

Maimakon in nuna wurin, yatsana ya tashi ya juya a iska.

Ba sau ɗaya ba. Har aka gama amshin ƙarshe, duk inda ta ce "ka", sunansa nake kira. Ina ganin hannuna yana yi kamar na wata. Kai-tsaye, ba yankewa, ba a sake ɗauka. Na hango Malam a gaban ƙaramin allo, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

An yi tafi. Mawaƙiyar ta rungume ni tana cewa na sa ta kuka. Furodusa ta ce ƙofa a buɗe take duk ranar da na so dawowa, ta faɗa tana kallonsa. Shi kuma ya ce, "Kin yi ƙoƙari. Wannan juya yatsan da kika yi ta yi, me yake nufi?"

Na ce mutumin waƙar ne.

Yana jirana a mota.

Lahadi, 26 ga wata, da la'asar

Kuskure ne. Ƙarar makullin ce ta ruɗe ni. Su wa ma suka san sunan? Yaya, Malam, sai ƙawayenta da suka zo bikina. Wataƙila an ɗauke musu wuta. Wataƙila tana da ɗinki da yawa ba ta kalla ba.

Kuskure ne. Ina ganin kuskure ne.

Litinin, 27 ga wata, da rana

Na kunna labarai. Kusurwar ba kowa, tambarin gidan talabijin aka sa a wurin. Na kama kaina ina fassarawa a kan cinyata, na zauna a kan hannuwana.

Ba a yanko makullina ba.

Talata, 28 ga wata, bayan azahar, a shagon Yaya

Bari in rubuta tun ban fara gyara labarin ba.

Da safe yana shan shayi aka fara dukan ƙofar gida. Yaya ba ta san ƙarfin bugunta ba, ba ta taɓa ji ba, dukan ƙofa take kamar mai karɓar bashin kakanta. Maƙwabta suka fara leƙowa. Shi kuma ba abin da ya tsana irin a taru a ƙofarsa, dole ya buɗe.

Ta shigo da zare maƙale a zaninta. Ba ta kalle shi ba. Ta kama hannuna na dama ta ture hannun rigar sama, ta duba, ta mayar a hankali. Daga baya ta gaya mini tun Lahadi take zuwa bayan ya fita, tana tarar da kwaɗo, ta yi ta leƙen tagar falo ni kuma ina can ciki. Sai jiya mai shagon kusa ya kwatanta mata lokacin fitarsa.

Ya ce, "Gaya mata muna mata sannu da zuwa, amma yanzu fita zan yi."

Shi da ya hana maganar hannu a gidansa, yau shi ke neman tafinta. Na gaya mata. Ta amsa, hannunta kamar zai tsaga iska. Da can in ta faɗi irin wannan sai in ce masa tana gaishe ka. Yau na buɗe baki na ji ina faɗa yadda ta faɗa, da "ni" ɗinta, kamar a wurin aiki.

Na ce, "Na ga hannun ƙanwata. Na zo in tafi da ita."

Ya yi 'yar dariya. "Gaya mata wannan tsakanin miji da mata ne. Gaya mata ke ba ki ce za ki je ko'ina ba."

Na gaya mata, ban rage ko ɗaya ba. Ta ce, ni kuma na faɗa da baki, "Ka tambaye ta mana, ga ta nan tsaye."

Bai tambaya ba. Ya dube ni dai, irin kallon nan. Ina jin tsoronsa har cikin haƙorana. Sai Yaya ta taɓa haɓata ta juyo da fuskata wurinta, ta yi mini tambaya. Na ba ta amsa.

Ya ce, "Me ta ce?"

Na ce, "Ta ce, za ki biyo ni?"

"Ke kuma me kika yi mata da hannun nan?"

Da na ce masa cewa na yi ta tafi gida, da ya yarda, ba shi da yadda zai sani. Matar maƙwabcinmu tana tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu.

Na ce, "Na ce mata e."

Ban san yadda muka fito ba. Na san ya yi ta magana a hankali saboda mutane, yana kiran sunana, yana cewa ba ni da lafiya ne. Na san Yaya ta ɗauko jakar aikina daga kan kujera ta rataya a wuyanta, ta sa ni a gaba. Ba ta ji ko kalma ɗaya daga abin da ya faɗa ba, ni kuma ban fassara ba.

Laraba, 29 ga wata, da yamma

Ban ji daɗi ba tukuna, kada in yi wa kaina ƙarya. Duk motar da ta tsaya a ƙofar shago sai na miƙe. Ɗazu na tambayi Yaya ko zan iya fita in sayo sabulu, ta ajiye almakashi ta dube ni, sai ta shiga bayan labule ta daɗe.

Ya je wurin Inna tun jiya. Ta zo da rana ranta a ɓace, ta ce na kunyata ta, ta ce ko haƙori da harshe suna saɓawa. Na nuna mata hannun. Ta duba, sannan ta ce duk da haka a zauna a ji ta bakin kowa. Gobe da safe za su zo, ita da shi da Kawu. Na san yadda zai zauna, na san yadda zai sunkuyar da kai, na san Kawu zai ji tausayinsa kafin a gama gaisuwa. Ina tsoron in gan shi in ce kuskure ne.

Yaya ta ce ita ma za ta zauna. Na ce to, zan tsaya kusa da ita in riƙa gaya mata abin da ake cewa. Ta girgiza kai. Wai ta riga ta aika wa Malam, zai turo 'yarsa mai ji, ita za ta yi mata fassara.

Na ce don me, ga ni?

Ta ce, "Gobe ba aiki za ki yi ba. Ke za a tambaya."